Tokar Litinin

Innarmu ta yi shekaru tana toya waina a ƙofar gidanmu da ke Sabon Gari, tun Maraɗi ba ta cika da kabu-kabu haka ba. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba; "ke wannan" take ce mini har na yi aure na haifi nawa. Abin da na buɗe ido na gani shi ne tanda a kan murhu, ƙullu a babbar ƙwarya, damin karan hatsi jingine da katanga, da Inna tana juya waina da hannu ɗaya tana share hawaye da ɗayan. Mun ɗauka hawayen nan yana cikin kayan sana'a, kamar mai da gishiri.

Kowace Litinin, ranar kasuwa, Goggo takan zo daga Tibiri. Ba mu haɗa jini da ita ba, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Kirista ce, Lahadi tana majami'a, Litinin tana gidanmu. Takan zo da wata tsohuwar tasa da gindinta ya yi tsatsa, ta kwashe tokar da Inna ta tara mata cikin mako. Da ita, in ji ta, take tace ruwan toka na miyar kuka da dahuwar wake, domin tokar karan hatsi ta fi kowace toka kaifi.

Inna takan hango ta tun daga bakin lungu, inda mai shayi yake, sai ta ɗaga murya yadda duk masu jiran waina za su ji.

"Ga Bagobira can, tahiya kamar agwagwa! Yau ma ba a ɗaura kallabi daidai ba."

"Ke dai Bakatsiniya, bakinki ya hi tandarki zahi. Ba ni waina in ji ko har yanzu ba ki iya ba."

Sai ta zauna a kan turmi, ta ci ta ƙoshi tana kushe wainar. Daga nan ta jawo tokar, ta lashi yatsa, ta dangwala, ta ɗora a harshe. In ta yamutsa fuska, to toka ta yi. Su yini suna gardama a kan mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba, da la'asar ta ɗauki tasarta ta koma.

Wata Litinin ina gidan, na ga Goggo ta shigo lungu, ta wuce mai shayi, ta wuce famfo, ta zo har gaban tanda, Inna ba ta ce komai ba. Sai da ta yi sallama sannan Inna ta ɗago ta ce, "Au, ke ce?" Suka yi dariya, aka wuce wurin. Ni kuwa na matso kusa. Na duba idanun Inna da kyau, na ga sun yi ja kamar an zuba musu barkono, gefensu ya kumbura. Sai na tuna kwanan nan wainarta tana yawan ƙonewa a gefe ɗaya.

Na ja ta da ƙyar zuwa asibiti, wurin lokotoron ido. Ya haska, ya ba da magani na ɗigawa, ya ce maganin ba zai yi komai ba muddin tana zama cikin hayaƙi. Ko ta rabu da hayaƙin, ko ganin ya ci gaba da raguwa. A hanyar dawowa na ce ta bar waina, mu 'ya'yanta mun isa mu riƙe ta. Ta ce ita ba kayan ɗaki ba ce da za a jera a kalla. Na saya mata tukunyar gaz. Da na koma bayan kwana biyu na tarar ta aza ƙwaryar ƙullu a kai, wai tsayinta ya yi mata daidai. Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, ita kuwa tana ta juya wainarta kamar da rediyo nake.

Ƙanena ne ya shigo da maganar ciyawa. Yana noman rani a Jiratawa, zogale da albasa, kuma ya dasa ciyawar giwa a gefen gonarsa saboda tumaki. Ciyawar nan takan wuce tsayin mutum, jikinta kamar rake. In ta tsufa tumaki ba sa cin karan, sai ganyen. Malaman gona sun nuna musu yadda ake daddatsa irin wannan kara, a shanya, a niƙa, a kwaɓa da ɗan kokon rogo, a dunƙula shi cikin guntun bututu ya zama makamashi. Ya yi buhu guda ya kawo wa Inna, yana ta fankama, wai daga yau ita da hayaƙi sai labari.

Dunƙulen nan sun ba shi kunya. Suka ƙi kamawa da wuri, da suka kama suka riƙa tartsatsi suna huci, hayaƙinsu mai yaji har ya fi na kara. Da wuta ta mutu, tokar ba ta zube ba, ta narke ta haɗe ta zama dunƙulen baƙin abu kamar kashin maƙera, ta toshe murhun. Sai da tsohuwar wuƙa aka ɓamɓare ta. Inna ta ɗaga guntu ɗaya ta miƙa masa.

"Ungo, kai ma matarka ta aza tukunya bisa. Ni itace niƙ ƙi ko kara, da za ka kawo mini duwatsu?"

An yi sa'a ranar Litinin ce. Goggo ta karɓi guntun, ta daka shi da gindin muciya, ta ɗanɗana. Fuskarta ta tattare gaba ɗaya, har da tari.

"Kai! Wagga toka ta hi ta hatsi. Ɗana, in kana da ita buhu goma kawo mini."

Ƙanena ya dube ta, ya buga cinya ya ce, "Goggo, abin da kike yabo shi ya kashe mini wuta." Ashe malaman gonan sun faɗa musu, shi ne ya ga aikin ya yi yawa ya tsallake. Ciyawa tana tsotso wani gishiri mai kama da kanwa daga ƙasa, yana zaune cikin ruwan jikinta. In ta bushe da shi, shi ke jawo laima ya hana ta bushewa sosai, shi ke narkewa a wuta ya haɗe toka. Maganinsa a raba ta da shi tun tana ɗanya, ranar da aka yanke ta: a daddatsa, a jiƙa, a matse.

"Wato ciyawa ma sai an yi mata wanka," in ji Inna. "To ka haɗa da sabulu da turare."

Na bi shi Jiratawa ranar da zai gwada, don ban yarda da shi ba, kada ya sake tsallake wani abu. Ban taɓa tsammanin zan ji daɗin yini irin na ranar ba. Da sanyin safiya suka sare ciyawar, shi da maƙwabcinsa na gona, aka tura ta cikin injin daddatsa abincin dabbobi, tana fitowa gutsi-gutsi, ƙamshinta kamar an ɓare sabon rake. Muka zuba a tano-tano, wato gangunan ƙarfe da aka yanke biyu, muka cika da ruwan kanal ɗin ban-ruwa, muka bar ta ta sha. Matarsa ta ce a tattaka ta yadda ruwan zai shige ta. Ta naɗe zane ta shiga ɗaya, na naɗe nawa na shiga ɗaya. Ni ba ƙaramar mace ba ce, Allah ya yi mini jiki. Da na taka sau biyu ruwan ya koma kore shar, ƙanena ya ce da ya sani da bai wahalar da maƙeri wajen haɗa abin matsa ba, Yaya kaɗai ta isa matsa. Na watsa masa ruwan a fuska.

Abin matsar kuwa wani akwatin ƙarfe ne mai huji-huji da maƙeri ya haɗa masa, da kirik irin na ɗaga mota a sama. A cika shi da jiƙaƙƙiyar ciyawa, a ɗora faranti, a yi ta buga kirik. Ruwa mai kauri, kore, mai kumfa, ya riƙa tsiyaya ta hujin, muka yi masa hanya zuwa kwamin zogale, tunda gishirin da wuta ba ta so taki ne a wurin shuka. Masu wucewa da amalanke suna tsayawa su tambaya ko lafiya. Wani tsoho ya ce ya ga mai wankin mota, ya ga mai wankin hula, yau Allah ya nuna masa mai wankin ciyawa. Muka yi dariya har cikina ya ƙulle. Abin da ya fito daga akwatin ya yi fari-fari, ba nauyi, muka baza shi a kan tamfal. Kafin la'asar ya fara ƙara in an taɓa shi, alhali wancan na farko ya yi kwanaki yana riƙe da danshi. Na koma Maraɗi da ƙafafu kore, mijina ya ce in tsaya a waje tukuna ya tabbatar matarsa ce.

Sababbin dunƙulen suka kama da ashana ɗaya da ɗan tsinke. Wuta ta tashi shiru, ba tartsatsi, ba huci, hayaƙin ɗan siriri ne na farkon kamawa, daga nan sai garwashi mai riƙe zafi. Inna ta zuba ƙullu. Ta kwashe tanda ta farko, ta biyu, sannan ta ce, ba tare da ta kalli ƙanena ba, "Ba laihi." A bakin Inna wannan kirari ne. Cikin 'yan makonni jan idon ya ragu, kumburin ya sauka, ta daina yawo da tsumman share hawaye. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

Abin da ban lura da shi ba shi ne Litinin ta farko. Tokar sabuwar wutar 'yar kaɗan ce, fara, laushi kamar gari. Goggo ta lashi yatsa, ta dangwala, ta ɗora a harshe. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta sake dangwala.

"Lami," ta ce. "Ba kaifi ko kaɗan. Kun wanke mata rai."

Ta yi dariya, ta zuba 'yar tokar a gindin tasarta, suka ci gaba da hira. Ni ma na yi dariya. Sai daga baya na tuna Inna ba ta yi ba.

Bayan wani lokaci idanun suka sake yin ja. Ba kullum ba, in na zo farkon mako sai in gan su jajir, zuwa Alhamis sun lafa. Na tuhumi ƙanena da sake yin ha'inci, ya rantse har da dafa kai. Wata Lahadi da hantsi na biya gidan ba zato, tun daga zaure na ji ƙaurin da na sani. Inna tana bayan ɗaki, tsugune gaban tulin karan hatsi tana ƙonawa, ba tukunya a kai, ba tanda. Tana ta tura kara da sanda kada iska ta kwashe tokar, hayaƙi ya rufe ta, hawaye har haɓa.

Na manta da uwata nake magana. Na ce mun shiga tano, mun zama abin dariya a Jiratawa, don ta zo ta zauna ta ƙona idonta a banza? Ta bar ni na gama, sannan ta share fuska.

"Ke wannan, in babu toka mi za shi kawo ta?"

"Ƙahwahunta za su kawo ta, Inna, kamar kullum."

"Ba ki san komi ba. Gwiwunta sun gaji, ɗiyanta ba su son tana hawan kabu-kabu. Toka ce hujjarta. Ran da tac ce musu toka ta ƙare, ran nan za su zaunar da ita. Ido nawa ne, ba naki ba."

 Tausayi ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Na san in na sake magana ba za ta ji ba, mace ɗaya ce a duniya take jin maganarta, ko da da zagi ne. Na fita na tsayar da kabu-kabu na ce Tibiri.

Na tarar Goggo ta dawo daga majami'a, tana zaune a inuwa da farin kallabinta na Lahadi, a karkace kamar kullum. Rabona da gidan tun ina budurwa. Ta yi murna, ta sa surukarta ta dama mini fura. Na nemi in zaga bayan gida in wanke hannu, a can na ga abin da ya tsayar da ni. Tulin toka ne jikin katanga, ya kusa kai mini ƙugu, ƙasansa ya daskare saboda damina da yawa da suka wuce a kansa. Kabewa ta yaɗu a gefensa, 'ya'yanta manya-manya. Can gefe kuma ga rumbu, ga damman karan hatsi a jingine, sun fi waɗanda Inna ke saye a shekara.

Na dawo na tsaya a kanta. "Goggo, tokar wa ce waccan?"

Ta dube ni, ta dubi bayan gida, sai ta fashe da dariya har tana riƙe gwiwa.

"Ɗiyata, ke da kin yi lakkwal, kin sha boko. Tibiri muke, tsakiyar gonaki. Kara ne babu garemu, da zan tahi birni neman toka? Ni rabona da tace toka tun da anka kawo mini suruka, ita kanwa taka sawa."

Ta ce tun suna amare abin ya fara. A lokacin mace ba ta fita haka kawai ta ce za ta ga ƙawa, sai da dalili. Sai ta ce wa mijinta tokar mai waina daban ce, wuta ta daɗe tana cinta. Shi ma, Allah ya ji ƙansa, ya san ƙarya ce, yakan ce a gaida masa toka. 'Ya'yanta ma sun sani, su ne ma ke tsayar mata da kabu-kabu. Ita a zatonta Inna ta sani tun tuni, wasa ne suke yi su biyu.

"Ba ta sani ba," na ce. Na gaya mata abin da na baro a bayan ɗaki, da abin da lokotoro ya ce.

Dariyar ta ɗauke. Ban taɓa ganin Goggo cikin fushi na gaske ba sai ranar. Ta miƙe ba ta ko dafa ƙasa ba, ta ce wa surukarta ta miƙo mata tasa. Na ce yau Lahadi ce, ta bari sai gobe. Ta ce Allah ya san inda za ta.

Muka iso Inna tana tankaɗe tokar karan cikin tsohon buhu. Ta ɗago ta ƙanƙance ido, ba ta gane mai shigowa ba sai da Goggo ta yi magana.

"Bakatsiniya, ashe wauta gare ki haka? Shekara da shekaru ina zubar da tokarki bayan gida, kabewa ka ci, ke kina nan kina gasa mini ido?"

Inna ta saki rariya. "Zubarwa kike?"

"Zubarwa nike! Tambayi ɗiyarki, ta ga tulin."

"La'ananniyar Bagobira. Ni ina hana yara taɓa ta, ina rufe ta kada raɓa ta sauka!"

Suka tsaya suna kallon juna, sai Inna ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Goggo ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta kama fuskarta da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana duba idanun. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

"Ni ka zuwa, ko da toka ko babu. Amma in kin makance, wa za shi zage ni tun daga bakin lungu? Rannan da niz zo har gabanki ba ki gane ni ba, ban yi barci ba."

Na shiga ɗaki na bar su, don ni ma idona ya cika, kuma babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

Sauran karan Goggo ta sa aka ba maƙwabta. Ƙanena ya ci gaba da wankin ciyawarsa, yanzu har wasu masu tuya a unguwa suna aiko masa, zogalensa kuma ya yi ganye har ana tambayarsa wane taki yake sawa. Idanun Inna ba su koma na yarinya ba, lokotoro ma bai yi alkawarin haka ba, amma jan ya tafi bai dawo ba. Ni dai ban saki jiki ba, na riƙa zuwa duk Litinin ina zama kusa da tanda, ina kallon lungu ina kallon Inna.

Wata Litinin bayan damina, ina cikin ba wani canji, na ji Inna ta ajiye cokali. Na duba. Can wajen mai shayi kabu-kabu ya tsaya, wata tsohuwa tana saukowa a hankali, ni kaina ban tantance ta ba tukuna.

"Ga Bagobira can!" Inna ta ɗaga murya har mai shayi ya waiwayo. "Yau kuma zanen ne anka ɗaura a baibai!"

Da ta matso na duba, wallahi a baibai yake. Goggo ta dubi zanenta, ta dubi Inna, ta ce da gangan ta yi don ta gwada makauniya. Ta ci waina ta kushe, ta jawo 'yar farar tokar ciyawa, ta dangwala ta ɗora a harshe.

"Lami," ta ce, ta miƙa tasa. "Zuba mini duka."